Garin da ke cin abinci da sana'ar furanni: me ya hana Legas samun irinsa?

Tun ƙarshen 2023, lokacin da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Legas ƙarƙashin Kwamishina Tokunbo Wahab ta ƙara ƙaimi wajen kawar da duk abin da aka kafa a kan hanyar ruwa da gefen titi, hankalin masu renon fulawa, wato furanni da shuke-shuken ado, bai kwanta ba. Ana cikin haka sai ga dokar hana robobi da ledojin da ake yarwa bayan amfani ɗaya, wadda aka fara aiwatarwa gadan-gadan ranar 1 ga Yulin 2025. Masu wannan sana'a kuwa a bakin titi suke zaune, hajarsu kuma a cikin leda take.

Shi ya sa tambayoyi biyu suke yawo a bakin 'yan Arewa da ke aiki a irin waɗannan lambuna, daga Ikeja har Ajah. Ta farko, shin dokokin nan sun hau kansu? Ta biyu, in zaman bakin titi ya zo ƙarshe, me zai hana a samu wani ƙauye a bayan gari ya zama na masu fulawa zalla, kamar yadda ake jin labari a wasu ƙasashe? Ta biyun ta fi buƙatar bayani, domin irin waɗannan garuruwa suna nan, kuma tarihinsu ya nuna abin da ake buƙata kafin gari ya dogara da shukar da ba a ci.

Wace sana'a ake nufi

A bakin mutane duk fulawa ce, amma a kasuwa hajar iri biyu ce, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai furen yanka, irin su wardi, wanda ake yanke shi da kararsa a ɗaure dami-dami don biki ko kyauta. Daga yanka zuwa yaushi kwanaki ne kawai, saboda haka sai da ɗakin sanyi da mota mai sanyi da jirgin sama. Mafi yawan wanda ake gani a shagunan Ikoyi da Victoria Island daga waje ake shigo da shi, musamman Kenya, wani kaso kuma daga Jos.

Akwai kuma shuke-shuken ado masu rai, da ake sayarwa da saiwarsu a leda ko tukunya: kwakwar ado, itatuwan jerawa a jikin katanga, masu ganye kala-kala, ciyawar shimfiɗawa a tsakar gida. Wannan shi ne abin da ya cika gefen titunan Legas. Ba ya lalacewa da wuri. In ba a saya yau ba, wata mai zuwa ya ƙara girma, kuɗinsa ma ya ƙaru. Sai dai kullum yana bin mai shi bashin ruwa.

Wanda ya tsaya ya kalli yadda ake aikin zai gane dalilin da ya sa talaka ke iya shigarsa. Yaro zai tsinto ledojin fiya wata da aka sha aka yar, ya yanke bakin kowace, ya huda gindinta don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Sai ya kwaɓa baƙar ƙasa da busasshen kashin shanu ko na kaji, wani lokaci da ɗan garin katako, ya cika ledojin ya jera su a inuwa. Maigidansa zai yanko reshe mai tsawon ɗan yatsa ko fiye daga uwar shukar, ya zage ganyen ƙasa, ya soka. Daga nan sai bayi, wato ban ruwa, safe da yamma. Bayan 'yan makonni wanda ya kama zai fitar da sabon toho, a mayar da shi babbar baƙar leda, wanda bai kama ba a zazzage ƙasar a sake. Irin ma sau da yawa kyauta ake samunsa, daga rassan da gadina ya aske a gidan da yake aiki. Jarin gaske a nan shi ne ruwa da lokaci da wurin ajiyewa.

Yadda lambu ya koma bakin titi

Sana'ar ta daɗe a Legas, amma ta bunƙasa sosai zamanin Gwamna Babatunde Fashola, daga 2007 zuwa 2015. A lokacin ne aka share wurare irin su Oshodi a farkon 2009, aka mayar da ƙarƙashin gadoji da shataletale wuraren shuke-shuke, aka ware ranar 14 ga Yuli ta kowace shekara don dashen itatuwa. Dokar 2011 ta kafa hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa, LASPARK, wadda har izinin sare itace a hannunta yake. Gwamnati da kanta ta zama babbar mai saye. Daga baya rukunin gidajen da suka riƙa tsirowa a hanyar Lekki zuwa Epe suka ɗora, domin kowane sabon gida yana son ciyawa da jerin itace a gabansa.

Zaman bakin titi ba ganganci ba ne. Mai sayen fulawa a mota yake, kuma yawanci bai fito don ita ba, gani ya yi ta burge shi ya taka birki. Ga shi babu shagon da zai ɗauki dubban ledoji. Filayen da suka rage babu gini a Legas kuwa su ne ratar da doka ta ce a bari tsakanin titi da gini, da gefen manyan magudanai, da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. A nan masu fulawa suka zauna, hukuma kuma ta daɗe tana kallon zamansu a matsayin wanda ya fi juji ko maɓoyar ɓata-gari.

Hannun 'yan Arewa a cikin sana'ar ya wuce yadda ake zato. Ko inda mai lambun Bayarabe ne ko ɗan wata ƙabila, sau da yawa mai bayin Bahaushe ne. Takin daga mayankar Oko-Oba a Agege ko kasuwar Kara ta bakin hanyar Ibadan ake buhunta shi. Da rani mai ruwa ne ke turo kura da jarkoki. A gidajen masu hali kuma maigadi kan haɗa da aikin gadina, har Hajiya ko Madam ta riƙa aikensa: "Malam, je ka zaɓo mana masu kyau." Wasu da haka suka koyi aikin suka kafa nasu.

Abin da dokokin suka ce

Batun leda ya fi sauƙi. A Janairun 2024 jihar ta fara da haramta farin mazubin abincin nan mai kama da soso. Matakin Yulin 2025 ya haɗa da tsinken shan lemo, da kofuna da cokulan roba na yarwa, da siraran ledojin da kaurinsu bai kai maikiron 40 ba (maikiron shi ne ɗaya bisa dubu na milimita). An ware ledar fiya wata da gorar ruwa, ba su cikin haramcin. Baƙar ledar reno da aka yi don wannan aiki yawanci mai kauri ce, tunda sai ta jure rana da ruwa na watanni. Inda mai lambu zai iya shiga matsala shi ne siririyar ledar da yake ƙulla wa mai saye kaya a ciki, da kuma tarin yagaggun ledoji da ke gangarawa kwata.

Batun fili ne mai wuya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ratar gefen titi da ta magudanar ruwa kuwa ba a mallaka wa kowa ita. Duk takardar da mai lambu yake riƙe da ita, ko rasit na kuɗin da yake biya, iyakarta izinin zama ne, ba shaidar mallaka ba. Ranar da za a faɗaɗa titi, ko a yashe magudana, ko a shimfiɗa bututu, izinin ya ƙare. Ba a yi wata doka don a kori masu fulawa ba. Abin da ya faru shi ne an tsananta aiwatar da dokokin da dama suke nan, su kuma filin aro suke kai.

Holambra, da abin da ya riƙe ta

Misalin da ya fi dacewa da tambayar shi ne Holambra, ƙaramin gari a jihar Sao Paulo ta Barazil, mai mutane kusan 15,000. Wasu iyalai manoma daga Holan ne suka kafa shi a 1948, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ba da niyyar fure suka zo ba. Shanun madara suka taho da su, cututtukan ƙasar zafi suka karkashe su, wasu iyalan suka watse, waɗanda suka rage suka koma kiwon kaji da aladu da noman abinci. Fure ya shigo ne a 1951 a matsayin abin gwaji, kuma sai da aka ɗauki shekaru kafin ya zama ginshiƙin garin. Bikin baje kolin furanninsu, Expoflora, ya fara a 1981, kasuwar gwanjonsu a 1989, garin kuma bai zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta ba sai 1991. Wato daga zuwansu har lokacin sama da shekara 40.

Abubuwa biyu suka riƙe garin. Tun ranar farko a ƙungiyar haɗin gwiwa suka zo, ƙungiyar ce ta sayi filin, ita ke nemo bashi, ita ke sayar da amfanin. Sannan birnin Sao Paulo yana kusa, tafiyar kamar awa biyu a mota, da miliyoyin masu saye.

Kasuwar gwanjon kuwa daga Holan suka kwaikwayo ta, inda garin Aalsmeer da ke dab da filin jirgin Schiphol ya shafe fiye da shekara 100 yana yin ta. Tsarin ya saɓa wa gwanjon da muka sani. Ana nuna kaya, agogo ya fara daga farashi mai tsada yana saukowa, dillalin da ya fara danna maɓalli shi ya saya a kan kuɗin da agogon ya tsaya. In ya yi gaggawa ya saya da tsada, in ya yi nawa wani ya riga shi. Cikin daƙiƙoƙi an gama da kaya guda an shiga na gaba. Amfanin wannan ga manomi shi ne ba ya barin gona ya je ciniki, ba ya tsayawa gaban dillali ɗaya da kayan da ke yaushi a hannunsa, kuma farashin a fili yake kowa na gani.

Akwai wasu garuruwan da suka fi kama da sana'ar Legas, tunda shuka mai rai suke reno. Boskoop a Holan ta yi ɗaruruwan shekaru a kan haka, da 'yan siraran gonaki da ruwa ya ratsa tsakaninsu. Kadiyam a jihar Andhra Pradesh ta Indiya tana bakin kogin Godavari, da ɗaruruwan lambunan reno da manyan motoci ke lodi daga cikinsu zuwa sassan ƙasar. Ko'ina aka duba za a tarar da ruwa mai daɗi wadatacce, da filin da iyali suka san jikokinsu za su gada.

Ɗaya fuskar: Naivasha

Naivasha a Kenya, kimanin kilomita 90 daga Nairobi, ta nuna abin da dogaro da fure ke jawowa. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900, ga sanyi ga rana ga tafki, yanayin da wardi ke so. Manyan kamfanoni suka kafa gonakin rumfa, dubban mutane suka kwararo neman aiki, yawancinsu mata. Amma mai sayen yana Turai. A Afrilun 2010 dutse ya yi aman wuta a Iceland, tokarsa ta hana jirage tashi a Turai na kwanaki, gonakin Kenya suka zubar da tulin furanni, aka sallami leburori na wucin gadi. A Maris ɗin 2020 annobar korona ta maimaita hakan da muni, har a Holan ɗin kanta sai da aka riƙa lalata furen da babu mai saye. Ga kuma doguwar taƙaddama kan ruwan tafkin da ake ja, da magungunan feshi, da albashin ma'aikata.

Arewa ma tana da furen da take kaiwa kasuwar duniya, wato zoɓo, wanda ake tarawa daga Jigawa da Kano a tura ƙasashe irin su Meziko. Bambancin shi ne zoɓo busasshe ne. In kasuwa ta faɗi manomi zai jibge buhunansa ya jira, ko a jiƙa a sha a gida. Mai wardi ba shi da wannan dama. Mai shuka a leda yana tsakiya: kayansa ba sa ruɓewa, amma kowace ranar jira kuɗin ruwa ce.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu goyon bayan a tattara sana'ar a wuri guda suna da hujja mai ƙarfi. Wanda bai san ko zai kai baɗi a wurinsa ba, ba zai haƙa burtsatse ba, ba zai kafa rumfar inuwa ba, ba zai shuka itacen da sai ya shekara biyar kafin ya yi kuɗi ba. Banki ma ba ya ba da bashi a kan gefen titi. In aka taru, ana iya sayen taki da leda da magani a sari, a yi hayar mota ɗaya, kuma jami'an cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan tun 1975, su san inda za su same su. Fitar da shuka waje ma sai da takardar lafiyar tsirrai daga hukumar killace kayan noma ta ƙasa, NAQS, abin da ya fi sauƙi ga ƙungiya fiye da mutum ɗaya.

Masu adawa kuma suna cewa titin shi ne kasuwar. Wanda ke sayen tukunya biyu a hanyarsa ta komawa gida ba zai shiga cunkoson Ikorodu don su ba. Suna tsoron a ƙarshe masu jari ne za su kama filayen, ƙananan su koma leburori, ko kuma dillalai su tsaya a tsakiya su kwashe ribar. Sun kuma ga yadda wasu kasuwannin da aka tayar suka koma wuraren da kuɗin rumfa ya fi ƙarfin waɗanda aka tasa.

Hukuma tana da nata lissafin. Legas ita ce jiha mafi ƙanƙantar fili a Najeriya, kuma a kwance take dab da teku. Daga Afrilu zuwa Yuli, duk abin da ya tsaya a hanyar ruwa, ƙasar lambu ce ko shago, yana ƙara ambaliya. Sai dai hukumar da ke son hanyar ruwa a buɗe ita ce kuma ke son birni ya yi kore, kuma daga waɗannan lambuna ake samun dashen.

In aka auna hujjojin, kowane ɓangare ya kama rabin gaskiya ne. A Holambra ma ba a ce mai saye ya zo gona ba. Reno a ƙauye ake yi, sayarwa a birni, ƙungiya kuma ita ce gadar da ke tsakani. Wannan gada ce babu a Legas, inda zaman masu fulawa ya fi kama da na 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba.

Epe, Ikorodu ko Badagry?

Waɗannan su ne sunayen da aka fi ambata in ana maganar inda za a kafa ƙauyen fulawa, kuma kowanne yana da cikas. Farashin fili a Ibeju-Lekki da Epe ya yi tashin gwauron zabi tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar man Dangote a 2023, har ya kai mai gona ya fi samun riba in ya yanka ta fuloti-fuloti. Rikicin masu cewa ƙasar kakanninsu ce, waɗanda ake kira omo onile, bai ƙare ba duk da dokar kare dukiya ta 2016. A yankunan da ke kusa da teku ruwan rijiya kan zo da gishiri ko tsatsa, shukar ado kuwa ba ta jure gishiri. Ikorodu da cikin Epe sun fi ruwa mai daɗi, Badagry kuma rairayi ya yi mata yawa, sai an yi ta jigilar baƙar ƙasa. Wannan ne ya sa ake ganin ƙauyukan Ogun da ke bakin hanyar Ibadan ko ta Abeokuta sun fi kusa da cika sharuɗɗan, ko da yake a nan maganar ta fita daga hannun gwamnatin Legas.

Furen yanka kuwa ba na Legas ba ne sam. Zafi da laima sun yi yawa. Wurarensa su ne tsaunukan Jos da Mambila, kuma a can matsalar hanya ce da wutar da za ta riƙe ɗakin sanyi.

Abin da zai shafi talaka

Ko an kafa ƙauyen fulawa ko ba a kafa ba, sana'ar ta riga ta fara ja da baya daga tsakiyar birni, domin duk aikin titi ko na magudana yana cinye wani lambu. Wanda zai fi jin jiki shi ne mai bayi da ake biya a wata ko a mako, wanda sau da yawa a lambun yake kwana yana gadinsa. Ranar da aka tashi wurin, aiki da makwanci yake rasawa a tare, kuma sunansa ba ya cikin kowace takarda. Mai lambun yana iya tsira da wani abu in an ba shi wa'adi, amma kwashe dubban ledoji cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa aikin mota ne sahu da yawa, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota da na tankar ruwa da na tayar da injin ban ruwa duk sun ninka. Manyan itatuwan da saiwarsu ta huda leda ta kama ƙasa kuwa galibi asara ce.

Mai kawo taki daga Agege da mai tura kura su ma cinikinsu zai bi lambun duk inda ya koma, ko ya mutu in ya yi nisa. Mai saye zai ga farashi ya hau, tunda kowace tukunya za ta zo da kuɗin hanya a kanta. Wanda ya iya aikin hannu sosai, irin su auren itace, wato haɗa reshen wani a jikin wani, da yankan reshe da gane cutar ganye, shi ne zai fi samun mafita, domin rukunin gidaje da otal-otal da kamfanonin shirya lambu suna ɗaukar irinsa aiki na wata-wata.

Ga wanda yake da lambu a yanzu, abin da ke hannunsa kaɗan ne amma yana da amfani. Ya san wace hukuma ce ke da iko da inda yake zaune, domin titin tarayya daban, na jiha daban, ƙarƙashin wayar lantarki kuma daban. Ya karɓi rasit a kan duk kuɗin da ya biya, ya janye kayansa daga bakin magudana kafin damina. Masu ɗan hali sun fara raba ƙafa: su kama hayar fili a bayan gari don reno, su bar kaɗan a bakin titi don talla, sauran cinikin kuma su yi shi da hotuna ta WhatsApp da Instagram, a kai wa mai saye har gida. Hayar irin wannan fili, in mutum biyar ko goma suka haɗa kuɗi suka yi yarjejeniya a rubuce ta shekaru, ta fi ƙarfin abin da ɗayansu zai iya shi kaɗai, kuma da ita ake iya haƙa rijiya ɗaya a raba ruwan.